Kariyar Vignir a Ƙofar Baba

Ku da kuka cika min waya da saƙonni kuna cewa in bi maganar uwata, na gode, amma ba ku kuke karin kumallo da ita ba. Ku gyara zama ku ji abin da ya faru a kan kariyar mota, ƙarfen nan da ake ɗaurawa a saman jif don ɗora kaya, sannan ku yanke min hukuncin da kuka ga dama. Ni dai har yanzu babu wanda na yafe wa a gidan nan.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Steinunn, 'yar marigayi Eyjolfur. Gonarmu tana can ƙarshen kwari a arewacin Iceland, inda kwalta take ƙarewa. Baba ya rasu a hunturun da ya wuce. Ya bar wa yayana Kolbeinn tumaki da filayen ciyawa, ni kuwa ya bar min motarsa, tsohuwar jif mai manyan tayoyin da suka kusa kai min ƙugu, wadda duk kwarin ke kira Gwaggo saboda ba ta tashi da safe sai ta gama mitarta. Kolbeinn bai taɓa furta cewa rabon ya ci masa rai ba. Sai dai tun daga ranar bai ƙara kiran motar da sunanta ba, sai “motar Steina”, yana wani jan sunan kamar yana tauna guringuntsi.

Gobe Asabar za a hau tsauni koro tumaki gida kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Maza na tafiya a kan dawakai, Gwaggo kuma ita ce ke bin su da abinci da igiyoyi da jarkokin mai, ita ce ke sauko da duk tunkiyar da ƙafa ta gaza mata. Kuma a kwarinmu ba a sanarwar baiko. In aka ga namiji a kujerar gefen mace ranar hawa tsauni, ko mace a gefen namiji, magana ta ƙare, kafin yamma tsofaffin da ke jiƙa jikinsu a tafkin ruwan zafi na ƙauye sun gama raɗa wa 'ya'yanku suna. A kujerar nan Mama ta zauna a kakar da ta auri Baba. Ni kuma bana na ƙudurta Vignir ne zai zauna a kanta, ko da kuwa gidan zai kama da wuta.

Tsohuwar kariyar ce ta jawo komai. Kolbeinn ya kama ta zai jijjiga ya ga ƙarfinta, sai ƙafa ɗaya ta biyo hannunsa, tsatsa ta cinye ta tas. Ya ɗaga min ƙarfen sama yana murmushi, ya ce to mai mota, sai a san abin yi.

Mama kuwa ta riga ta san abin yi. Ranar Lahadi na sauko daga bene da tsohuwar rigar sanyi da safar ulu, gashina ko tsefewa ban yi ba, sai na tarar an shimfiɗa farin mayafin tebur na Kirsimeti, an fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ko limamin coci ba kullum yake samunsu ba. Ga soyayyen fanke mai murɗe-murɗe an tula, ga burodin hatsi baƙi da man shanu, ga busasshen kifi. A kan kujerar Baba kuma, kujerar Baba fa, ga Hallur maƙwabcinmu ya baje, ya saka riga mai maɓalli har wuya.

Hallur mai walda ne, yana da tumaki da tarakta biyu, kuma tun ina makarantar firamare Mama ke cewa yaron kirki ne. Yanzu ya ba arba'in baya amma har yau yaron kirki ne. Bai taɓa cewa yana sona ba. Uwata yake faɗa wa, ita kuma ta kawo min a faranti. Ranar ma haka aka yi. Ya zazzaga garin taba a bayan hannunsa ya shaƙe, ya share hanci da jan hankici, sannan ya juya ga Mama yana yi mata bayanin kariyar da ya haɗa wa motata. Baƙin ƙarfe ne, mai shinge ta kowane gefe, zai ɗauki tumaki uku a ɗaure. Wai ya gama ta tun makon jiya. Ina zaune a gabansa, ko sau ɗaya bai dube ni ba.

Na ajiye kofina na ce, “Hallur, motar nan ta uwata Gudlaug ce ko tawa?”

Ya yi ja har kunne. Mama ta harare ni ta ce in ba baƙo fanke.

“Hannunsa ya fi nawa kusa da farantin,” na ce, na tashi na koma sama.

Na san rashin kunya ce, ba sai kun rubuto min ba. Amma na ga kariyar nan da idona a bayan shagonsa, kamar ƙyauren garke aka ciro aka kwantar. Kuma na san in ta hau kan Gwaggo, mai ita ma ya hau kujerar gaba ke nan, don Mama ba ta karɓar kyauta sai da manufa.

Ina rufe ƙofar ɗakina wayata ta yi ƙara. Vignir ne.

“Yaya shayin sarakai? An ɗaura miki aure da tarakta ko da saura?”

Na rubuta masa cewa ba abin dariya ba ne. Ya aiko da hoton fuskarsa ya turo baki kamar yaron da aka hana alewa, a ƙasa ya rubuta: “Kawo Gwaggo birni gobe. Ni zan saya mata hula, kyautata ce, kada ki yi min gardama.”

Vignir ɗan birnin Akureyri ne, malamin koyar da ninƙaya. Dogo ne, mai yawan dariya, irin mutumin da in ya shiga kanti sai ya fito ya san sunan jikar mai kantin. A jana'izar Baba, lokacin da kowa ke riƙe hannuna yana maimaita min magana ɗaya, shi ne ya lura ban ci komai ba, ya fita ya dawo da miya mai zafi a roba ya tsaya a kaina sai da na shanye. Bai iya hawa doki ba, bai san tsagar kunnen tumakinmu ba, kuma Kolbeinn na kiransa Lemo saboda wata rigar ruwa mai ruwan lemo da yake sakawa. Ina sonsa. Na faɗa a fili don kada wata ta tambaye ni a ƙasa.

Kafin in tafi birni sai da na shiga garejin Baba da igiyar ɗaurin ciyawa, shuɗiyar nan. Dole in gaya muku labarin ƙofar garejin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya biyo baya ba. Baba yana da ƙane, Sturla, wanda ban taɓa gani ba sai a hoto. Suna samari suka lafta wa motarsu kaya a sama, suka shiga kogin da ke gangarowa daga ƙanƙarar tsauni. A tsakiyar ruwa taya ta hau dutse, nauyin sama ya rinjaye ta, ta kife. Baba ya fito, Sturla bai fito ba. Da Baba ya zo gina gareji, sai ya je bakin teku ya jawo wani gungumen da ruwa ya turo, ya gitta shi a saman ƙofar, ya yi shi ƙasa da gangan. Dokarsa ɗaya ce: motar da ba ta wuce ƙarƙashin gungumen nan da kayanta ba, ba za ta hau tsauni ba. Kowace shekara sai mun tsaya mun kalli Gwaggo ta shiga ta fito, sannan Baba ya shafa gungumen da tafin hannunsa ya ce a zuba masa gahawa. Don haka na hau kan taya na auna daga rufin mota zuwa gungume, na yanke igiyar daidai, na cusa a aljihu.

A shagon kayan motocin jeji na Akureyri, kariya iri-iri ce a jere a bango. Ni tun daga ƙofa idona ya faɗa kan wata shimfiɗaɗɗiya ta alminiyom, marar shinge, mai tsaga-tsaga inda za a zura igiya, da maƙalin shebur a gefe. Na ɗaga gefenta da hannu ɗaya. Na gwada igiyata, har da ragowa. Na ce wa mai shagon ita nake so.

Vignir kuwa yana can ƙarshen shago ya tsaya gaban wata kamar an dasa shi. Ita kariyar tana da ƙafafu dogaye, a kanta kuma ga tanti a ninke cikin akwati. Mai shagon ya ɓalle maƙulli biyu, tantin ya buɗe da kansa, ga katifa, ga 'yar taga mai raga, ga tsani. Vignir ya cire takalmi ya haye ya kwanta, ya leƙo da kai yana miƙo min hannu. Ya ce in yi tunanin mu biyu a can saman tsauni, maza goma sha suna munshari a bukkar makiyaya da warin safa, mu kuwa muna nan sama muna kallon koren hasken nan na dare yana rawa a sararin sama. Ba zan yi muku ƙarya ba, na hau, na kwanta a gefensa.

Amma da na sauko na zaro igiyata. Na ɗora ta daga ƙafar kariyar zuwa saman akwatin. Ta gaza da kamar faɗin yatsu biyu.

“Ba za ta wuce ba,” na ce.

“Yatsu biyu, Steina. Saboda yatsu biyu?”

Na sake ba shi labarin Sturla, duk da ya san shi. Ya saurara, ya daina dariya, ya riƙe hannuna. Sannan ya ce ai irin wannan kariyar ana yi mata gajerun ƙafafu, zai sa a nemo, in bar masa motar zuwa Alhamis ya kawo min ita har gida. Mai shagon ya ɗan sosa gemu ya ce sai dai a bincika, bai yi alkawari ba. Ni ba gemun mai shago nake kallo ba a lokacin. Vignir ya matso kusa da kunnena ya ce yana so ya shigo gidanmu da abin da ya zaɓa da kansa, ya wuce ƙarƙashin gungumen babana a gaban yayana, ko sau ɗaya a daina kallonsa kamar ɗan yawon buɗe ido. Na ba shi makulli, na ɗauki 'yar motarsa na dawo gida.

Kwanakin da suka biyo baya ba magana tsakanina da Mama sai ta tukunya. In ta ajiye min faranti sai ya yi ƙara, in na wanke kofi sai na kife shi da ƙarfi. Kolbeinn kuma kullum sai ya tambaye ni ko an gama gina wa Gwaggo bene. Na tura wa Vignir saƙo ina tambayar ƙafafun, ya amsa da: “Komai ya yi daidai, ki kwantar da hankalinki.” Da zuciya ja guda uku. Na kwantar.

Jiya Alhamis da la'asar na saka rigar ulu mai ruwan toka da Kaka ta saƙa min, mai zanen fari zagaye da wuya, na kitse gashina gida biyu, har da ɗan jan baki, abin da ban taɓa yi don gareji ba. Mama ta fito da baƙar rigar sanyinta ta zuwa coci, ta naɗe hannu a ƙirji a bakin ƙofar kicin. Kolbeinn ya jingina da katanga yana tsinken haƙori da ciyawa. Muka hango ƙura daga ƙasan kwari, sannan Gwaggo ta bayyana tana tafe a hankali, akwatin tantin yana ƙyalli a kanta.

Vignir ya diro da rigarsa mai ruwan lemo, ya gaida Mama da hannu, ya ce, “Barka da gida, Gudlaug.” Ta ba shi kan yatsunta. Kolbeinn ya zagaya motar yana fito, ya ce, “Lemo, ina ka baro kicin da banɗakin?”

Vignir ya yi dariya kawai, ya ce shi zai shigar da ita da kansa in na yarda. Na yarda. Na tsaya a gefen ƙofa. Motar ta matso, hancinta ya shiga, gilashin gaba ya shiga, sannan akwatin ya zo daidai gungumen. Duk muka ɗaga kai. Na ga siririn haske tsakanin katako da akwati, wanda da ƙyar ɗan yatsa zai shiga, amma haske ne. Ta shige. Ya yi ribas ta fito, ya sake shigar da ita ya kashe.

Wallahi ji na yi kamar in yi tsalle. Na juya na kalli Mama ido cikin ido, ta juya ta shige ciki. Kolbeinn kaɗai ne bai ɗaga kai ba. Ya durƙusa a bayan motar wai yana ɗaure igiyar takalmi, ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa da wani murmushin da na tsana tun muna yara.

“Sannu da ƙoƙari, Lemo,” ya ce. “Kana da kai.”

Na ɗauka ya sallama ne. Kun ga wautata.

Mama ta zuba wa Vignir miyar naman rago da dankali, a cikin kwanon nan mai tsagaggen baki da muke ba kare ragowa a ciki wani lokaci. Na musanya da nawa a gabanta. Ya ci, ya yaba, ya yi godiya kamar yadda aka koya wa kowane ɗan kirki. Da zai tafi, saboda yana da darasi da yara a tafki yau da safe, ya rungume ni a bakin 'yar motarsa ya ce in bar Gwaggo ta huta, kada in fito da ita sai ya dawo Juma'a da yamma mu loda kaya tare. Na ɗauka shauƙi ne, yana so a yi komai da shi.

Yau da safe na sauko da fara'ata. Mama tana tsaye tana shafa wa burodin mahaya man shanu, ta jera su a tire. Ba ta amsa gaisuwata ba. Na ce mata gobe Vignir zai zauna a gaba, gara ta ji daga bakina. Ta ci gaba da shafa man kamar da bango nake magana. Sai da na maimaita sannan ta ajiye wuƙar.

Ta ce mutumin da ke saya wa motar aiki gadon kwana ba zama ya zo yi ba. Ta ce bana tanti ne, baɗi ɗaki ne a birni, shekara ta uku sai dai a ga ni a Kirsimeti. Na ce mata ko ma haka ne rayuwata ce. Na ce Baba da ya san ni ya fi kowa ai ni ya ba motar, bai ba ɗanta na gaban goshi ba.

Ta dube ni, fuskarta ba alamar fushi, wanda ya fi fushin ciwo.

“Kina tsammani don ya fi sonki ya ba ki? Ya ba ki ne don ya san in ba a ɗaure ki da wani abu ba, guduwa za ki yi. Da bakinsa ya gaya min.”

Ban san lokacin da na zura takalmi ba. Ko rigar sama ban ɗauka ba. Na ce zan je ƙauye karɓo kayan abincin mahaya, na bugo ƙofar har kofuna suka amsa a kabad. Maganar Vignir ta barin mota ko tuna ta ban yi ba, in ma na tuna, a lokacin babu namiji ko mace da zai gaya min ranar da zan tuƙa motata.

A gareji hannuna ya yi abin da ya saba tun ina 'yar shekara goma. Baba ba ya tayar da mota sai ya zagaya tayoyi, ni ma haka. Na taka ta farko na ji ta yi laushi, cikinta ya baje a ƙasa. Ta biyu ma haka, duka huɗun. Wani abu ya ɗan taɓa min zuciya, amma na ture shi. Ai mu nan kowa na rage iska in zai bi hanyar tsakuwa, don kada mota ta girgiza masa hanji, kuma daga kwalta zuwa gidanmu tsakuwa ce zalla. Har na ji daɗi cewa Vignir ya fara koyon abinmu. Na jawo injin iska, na ba kowace taya daidai yadda Baba yake ba ta, idona na zubar da hawaye, bakina yana maimaita amsoshin da ya kamata in ba Mama. Ko sau ɗaya ban ɗaga kai sama ba.

Na shiga, Gwaggo ta yi mitarta ta tashi, na saka ribas, na taka totur da duk haushin da ke cikina.

Ƙarar ba irin ta ƙarfe ba ce. Ƙara ce ta katako mai kauri in ya tsage, doguwa, har cikin haƙorana na ji ta. Motar ta tsaya cak, ƙirjina ya bugi sitiyari, ƙasa da tsohuwar ciyawa suka zubo a kan gilashi. Na kashe mota na fito. Akwatin tantin ya ɓare, katifar ta leƙo waje. Gungumen Baba kuwa ya karye a tsakiya, rabi yana rataye a bango, rabi ya kwanta a kan rufin motar. Duk rayuwata baƙi na san shi, ashe cikinsa fari ne sol.

Mama ta fito da gudu da safa kawai a ƙafarta, a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa, matar da ko shara ba ta fita zubarwa ba takalmi. Ta fara dubana daga sama har ƙasa, ta ga ina tsaye, sannan ta wuce ni. Ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a kan karyayyen katakon, daidai wurin da ya yi santsi saboda hannun Baba. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi.

Kolbeinn ya taho daga garke da bokiti a hannu. Ya kalli gungumen, ya kalli tayoyin da suka miƙe ƙyam, murmushin nan ya ɓace daga fuskarsa.

“Kin ba su iska,” ya ce a hankali.

Sai a lokacin komai ya haɗu a kaina. Ɗaurin igiyar takalmi. Kana da kai. Na hau taya na zaro shuɗiyar igiyar da har yanzu take aljihun wandona, na ɗora a ƙafar kariyar. Dogayen ƙafafun nan ne na shago, ko noti ɗaya ba a canja ba.

Na diro na tunkari Kolbeinn na ce ashe ya gani tun jiya. Ya ce ya gani. Na tambaye shi abin da ya kama bakinsa. Ya ce in da ya faɗa a gaban Lemo, cewa zan yi baƙin ciki ne, shi ya sa ya bari sai yau Hallur ya zo da ma'aunin iska a yi abin a gaban shaida. Na juya ga Mama. Ba ta ɗago ba, amma ba ta yi mamaki ba. Ke nan tun jiya da daddare ta sani. Ta zauna ta shafa man shanu, ta bar ni ina yi mata alfahari, tana jiran Hallur ɗan gwal ɗinta ya zo ya kunyata ni a tsakar gida. Su biyun sun fi son su ci nasara a kaina da su ja ni gefe su ce Steina, duba ƙasa. Na gaya musu haka, da kalmomin da ba zan rubuta a nan ba. Kolbeinn ya ce ba shi ya taka totur ba. Gaskiya ya faɗa, kuma saura ƙiris in kwaɗa masa injin iskar.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara a aljihu. Na san sautin, don shi kaɗai na saka wa shi.

“Hasken idona, yara sun fita daga ruwa yanzu. Na manta ban gaya miki ba, kada ki ba tayoyin nan iska sai na zo. Ƙafafun ne ba su iso ba, mako mai zuwa za a kawo. Ban so in ba ki kunya a gabansu ba. Zan yi miki bayani.”

Da zuciya ja guda uku.

Na karanta sau biyu. Na san ba mugunta ya yi ba, kuma wannan ne abin da ya fi ƙona min rai. Ya riƙe hannuna a shagon nan ina ba shi labarin Sturla, ya gyaɗa kai, sannan ya tsaya a bakin hanya ya rage wa tayoyi iska don ya yaudari gungumen. Shi a wurinsa jarrabawa ce ta surukai da ake tsallakewa da wayo. Da ban taɓa motar ba, gobe da mun tsaya a bakin kogi mun ba ta iska ko ba mu ba ta ba, mu shiga ruwan da ya ci ƙanin babana da gado a kanmu, yana gefena yana ba ni dariya.

Na ɗauki hoton gungumen, da hannun Mama a kai, na tura masa. A ƙasa na rubuta: “Na riga na ba su.”

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai kira ya shigo. Na buɗe ƙofar gaba na jefa wayar a kan kujerar da na yi yaƙi da kowa don ya zauna a kai, na rufe. Daga can ƙasan kwari kuma ga taraktar Hallur ta kunno kai, baƙin ƙarfensa a ɗaure a baya yana ƙarar tsiya a kan tsakuwa.

Na ɗauko sifana daga bango na taka taya zan hau in kwance abin da ya rage. Sai a lokacin Mama ta sauke hannunta daga katakon, ta yi magana ba tare da ta kalle ni ba.

“To wa zai zauna a gaba gobe?”

Na ce ta aika ɗanta ya tare maƙwabcinta a bakin shinge, don in ƙarfen nan ya shigo tsakar gidan nan, a kogi zai kwana. Sannan na sa sifana a notin farko. Ta cikin rufin ina jin wayar tana ta ruri a kan kujerar, ta katse, ta sake kamawa, kuma duk juyi ɗaya da na yi wa notin sai na ce wa kaina ba zan sauka in ɗauka ba.